Lauyan Cinikin Ƙasa Da Ƙasa: Madugun Wannan Zamani

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana a kan wata sana'a da ta dace 'ya'yanmu su sa wa ido, mu kuwa sai muka zaɓi wani reshe na aikin lauya wanda ba a cika jin labarinsa a zaurukanmu ba, wato aikin lauyan cinikin ƙasa da ƙasa da dokokin taƙaita fitar da kaya. In aka ce lauya a wurinmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne mai baƙar riga da ke tsaye gaban alƙali a kan rikicin gona. Shi kuwa wannan yana iya shekara bai taka kotu ba, amma da alƙalaminsa ne kaya ke ƙetare iyaka, rashinsa kuma kan sa su ruɓe a tashar jirgin ruwa.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su fita sai da madugu. Sani ne ya ba madugu jagorancin ayari, domin shi ya san hanya, ya san sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, ya san kuɗin fito da za a biya, shi ne kuma mai sasantawa idan aka tare ayari. A yau hanyar ta koma rubutacciyar doka. A shekarar 1947 ƙasashe 23 suka ƙulla yarjejeniyar harajin kaya da ciniki, wadda ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995. Hedikwatarta tana Janiba, a 2024 mambobinta suka kai 166, a watan Maris na 2021 kuma 'yar Nijeriya, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta karɓi shugabancinta. Wanda ya laƙanci waɗannan dokoki shi ne madugun yau.

Kada a ɗauka wannan magana ta yi nisa da gonakinmu. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari, irin wanda ke cikin fiya-fiya, fiye da ƙa'idar da ta gindaya. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka sake tsawaita ta a 2019. Dokokin WTO sun yarda kowace ƙasa ta kare lafiyar mutanenta, da sharaɗin ta dogara da hujjar kimiyya, kada kuma ta fake da lafiya ta toshe ciniki. To, wa zai karanta ƙa'idar tun kafin a ɗaure buhu, ya faɗa wa ɗan kasuwar Dawanau abin da za a auna a can? Wa zai tattara shaidar cewa an gyara, ya zauna da jami'an Turai su yi ta ja-in-ja har a buɗe ƙofa? Aikin wannan lauya ke nan tare da masana kimiyya, kuma rigakafi ya fi magani.

Dubi kuma abin da ya faru a kan auduga. A 2002 Barazil ta kai ƙarar Amurka gaban WTO a kan tallafin da take ba manoman audugarta, wanda ke karya farashi a kasuwar duniya. Barazil ta yi nasara, aka rufe maganar a 2014 bayan Amurka ta amince ta biya dala miliyan 300. Benin da Cadi, waɗanda su ma abin ya cuci manomansu, sun shiga shari'ar ne a matsayin masu ruwa da tsaki kawai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙasar da ta tanadi lauyoyi ita ta karɓi diyya.

Ɓangare na biyu shi ne dokokin taƙaita fitar da kaya. Wani lokaci ƙasa kan hana fitar da albarkatunta domin masana'antun gida su samu abin sarrafawa, kamar yadda gwamnatin Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida a watan Agusta na 2025. Amma mafi tsauri su ne na tsaro, waɗanda suka shafi makamai da kayan da ke da fuska biyu, wato masu amfani a zaman lafiya da kuma a fagen yaƙi, irin su wasu sinadarai, jirage marasa matuƙi da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tun 1996 akwai tsarin Wasena, inda ƙasashe 42 ke daidaita jerin irin waɗannan kaya.

Abin da ya kamata mu fahimta shi ne dokar Amurka tana bin kayanta duk inda suka je. A 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Nijeriya ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga hannun Isra'ila, Amurka ta hana, domin ita ta ƙera su, ba a kuma sayar wa wani sai da izininta. A 2017 kamfanin sadarwa na ƙasar Sin, ZTE, ya amsa laifin aika kayan fasahar Amurka zuwa Iran, aka ɗora masa tarar da jimillarta ta haura dala biliyan ɗaya. A watan Oktoba na 2022 kuma Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen kwamfuta da injunan ƙera su. Ganin haka ne ya sa manyan kamfanoni da bankuna ba su sakaci da ɗaukar masana wannan fanni.

Aikinsa na yau da kullum aiki ne na haƙuri. Zai gano lambar kwastan ta kowane kaya, wadda alƙalumanta shida na farko iri ɗaya ne a kusan duk duniya, domin ita ke yanke harajin da za a biya. Zai binciki mai saye ko sunansa yana cikin waɗanda aka sa wa takunkumi, ya tambayi inda kayan za su ƙare, ya nemi lasisi inda ake bukata, ya rubuta yarjejeniyar da ta fayyace wanda zai ɗauki asara idan kaya suka lalace a teku. Sau da yawa kuma shi ne zai dubi maigidansa ya ce kada a yi wannan ciniki, ko da ribarsa ta kai nawa. Yaron da bai iya faɗar gaskiya ba, wannan ba sana'arsa ba ce.

Hanyar shiga kuwa a fili take. Yaro zai yi shekara biyar a jami'a yana karatun lauya, ya yi shekara ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, sannan ya nemi digiri na biyu a dokokin ciniki, kamar wanda Jami'ar Piretoriya ke bayarwa a Afirka ta Kudu. Yana bukatar Turanci mai kyau, da sanin lissafi da tattalin arziki, da kuma Faransanci, domin da shi maƙwabtanmu ke rubuta takardun kwastan. Wuraren aiki sun haɗa da hukumar kwastan, Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya wadda aka kafa a 1976, Ofishin Tattaunawar Ciniki na Nijeriya da aka kafa a 2017, bankuna, da sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da ke Akara, yarjejeniyar da Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019.

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo, kuma shekarun farko ba su da maiƙo. Ita kanta dokar ba kullum take kare mai rauni ba, domin kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina zama a watan Disamba na 2019, bayan Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Amma wannan ƙarin dalili ne na neman sani, tunda idan babu alƙali sai sasantawa, a teburin sasantawa kuwa wanda bai san haƙƙinsa ba shi ake ƙwara.

Saboda haka, kiranmu ga iyaye mazauna birane shi ne, idan kun ga yaro, namiji ko mace, mai son karatu, mai natsuwa, mai tambayar dalili, ku nuna masa wannan hanya, ku kuma jure ɗawainiyarta. Ku da ke aiki a kwastan da bankuna da ma'aikatu, ku ja ɗaliban lauya na garinmu a jiki lokacin hutu, su ga yadda ake cika takardun fitar da kaya. Riɗi da zoɓo da waken da iyayenmu ke nomawa suna bin hanyar da ta fi ta Gwanja nisa, bai kamata a ce ayarin ba shi da madugu daga cikinmu ba.