Jawabi A Kan Kuɗin Shigar Jihar Filato Da Rajistar Mamata



Tun zamanin Turawa hukuma ba ta wasa da lissafin kuɗi a Jos. En'e tana karɓar haraji da jangali da rasit, kuɗin kuza kuwa rabinsa na Kamfanin Neja ne, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin da Gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannunsa a 1900. Amma a shekarun 1942 zuwa 1944, da aka yi ta kwaso leburori na tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza saboda yaƙin Hitila, sanyi da yunwa da cuta sun hallaka mutane da yawa. An auna kuza har awon ƙarshe, waɗanda suka haƙo ta kuwa ba su sami irin wannan kulawa ba.

An kafa Jihar Filato a 1976. Ma'adinai suna hannun Gwamnatin Tarayya, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a 1985, saboda haka yawancin kuɗin jihar daga rabon asusun Tarayya yake zuwa. Abin da take tarawa da kanta shi ne harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, da kuɗin lasin mota, da na takardun filaye, da tarar kotu. Gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ta toshe wata babbar kafa. Ya kamata a sani cewa harajin albashi yana bin inda mutum yake zaune ne: mutumin Bukuru da ke aiki a Ikeja, baitulmalin Ikko yake ciyarwa.

To, ina lissafin mamata? Dokar 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa yin rajistar haihuwa da mutuwa, amma mafi yawan mutuwa ba ta shiga littafi. Mutum ya rasu a gida da asuba, kafin azahar an yi jana'iza, in an tambaya sai a ce gajeruwar rashin lafiya ce. Zazzaɓin cizon sauro ne, ko hawan jini, ko zubar jini wajen haihuwa? Yaran da ke nutsewa a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari fa, su nawa ne a shekara? Gwamnatin da ba ta da waɗannan alƙaluma, da ka kawai take raba kuɗin asibiti da magani.

Jos kuwa ta san amfanin bin diddigin sanadi. A 1969 aka kawo wata nas mai tsananin zazzaɓi daga garin Lassa zuwa asibitin mishan a Jos, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta. Jinin da aka aika Amurka ne ya tona asirin cutar da ake kira zazzaɓin Lassa. A 1970 cutar ta ɓarke a asibitin Jankwano, inda Dokta Jeanette Troup ta yanke hannu tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu.

Rajistar mutuwa ba ta hana gaggauta jana'iza, domin ana iya yinta bayan an binne. Wanda ya je gida ta'aziyya, sai ya nemi takardar likita in a asibiti aka rasu, ya kai ofishin hukumar da ke ƙaramar hukumarsu. Takardar shaidar da za a ba shi ita ce magada za su nuna a banki da ofishin fansho.