Wa Ya Zaɓa Maka Waƙar Da Ke Cikin Wayarka?

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar ga matasa a Karare, ta ƙasar Batsari, kan waƙoƙin gambarar zamani da ake kira hip-hop.

Bayan sallama, mai jawabin ya tambayi matasan: wa ya zaɓa masu waƙoƙin da ke cikin wayoyinsu? Ya ce mafi yawansu za su ce su ne, alhali mai shagon caji ne ya tura masu abin da ke tashe, shi kuwa tashe saye ake yi.

Ya bayyana cewa wannan kiɗa ya tsiro ne a 1973 a unguwar Bronx ta birnin New York, cikin talakawa baƙar fata, kuma a 1982 waƙar “The Message” ta kai kukan talaucinsu ga duniya. To amma da harkar ta fara kawo kuɗi sai manyan kamfanoni suka shigo. Yau uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar: Universal da Sony da Warner. A 2005 kamfanin Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan hukuma a New York ta bincike shi kan toshiyar da ake ba gidajen rediyo don su sa waƙoƙinsa. Ya ce ɗan kasuwa kuwa abin da zai ja talla yake nema, shi ya sa waƙar mota da giya da mata ta fi samun hanya.

Daga nan ya dawo gida. Ya ce a Kano, a 2009, kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da “Girgiza Kai” ta Nazir Hausawa, wato Ziriums, wadda ta soki masu tace fina-finai. Amma a ganinsa yunwa ta fi kotu iya rufe baki. Mawaƙi ya biya kuɗin situdiyo, waƙar ta bi waya zuwa waya, ko sisi bai dawo masa ba. Wa ya rage da zai biya shi? Ɗan siyasa, da mai biki, da kamfanin da ke neman talla. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

A nan ya tsaya, ya tuna wa ’yan uwa harin da aka kai Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum 30, da gonakin da aka bari a bakin dajin Rugu daga Batsari har Safana. Ya ce su duba wayoyinsu su ƙirga waƙa nawa ta ambaci wannan, sannan su ƙirga na yabon ’yan takara. Marayu da ’yan gudun hijira ba su da kuɗin situdiyo.

Ya nemi kowa, kafin ya tura wa abokinsa waƙa, ya fara binciken wanda ya ɗauki nauyinta. Daga nan aka rufe taro da addu’a.