Jawabi Ga Masu Rubuta Littattafan Kimiyya A Minna

Littafin da ke cewa "injiniya ya auna, ɗalibi ya lissafa" tun daga farko har ƙarshe ya bar rabin aji a waje. Yarinyar da ke burin shiga Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Minna cikin 1983, sai ta zaci ba da ita ake ba. Cikin 1987 babban taron UNESCO ya nemi hukumar ta guji irin wannan lafazi a takardunta. Maganin kuwa yana cikin Hausa, domin jam'i ba ya ware kowa. A rubuta "ɗalibai sun lissafa", ko kuwa "an auna". Inda mace ce ta yi binciken, lalle ne a ce "ta gano".