Tufka da Warwara a Cikin Ƙwayar Halitta



Yaro ne a Tudun Wadar Gombe ya yanke yatsa da reza, ba a yi mako biyu ba fata ta haɗe sumul. Naman da ya cike gurbin nan ya samu ne saboda ƙwayoyin halittar jiki sun yi ta rabuwa biyu-biyu, kuma babu wadda za ta rabu sai ta kwafe DNA ɗinta kaf, wato kundin bayanan halittarta, haruffa wajen biliyan 6, a jikin zaren da tsawonsa ya kai kimanin mita 2.

Masu wannan aiki su ne sinadaran da ake kira enzayim. DNA kamar igiyar rama take, zare biyu a tufke. Helikes ne mai warware tufkar. Sai folimares ya bi kowane zare yana jera masa sabon abokin tufka harafi bayan harafi, in ya yi kuskure ya dawo ya goge. Ba'amurke Arthur Kornberg ne ya fara gano irinsa a 1956, aka ba shi kyautar Nobel a 1959. A cikin sababbin zaren biyu, ɗaya a jere ake yin sa, ɗayan kuwa guntu-guntu, kamar yadda Reiji Okazaki da matarsa Tsuneko suka nuna a Japan a 1968, sai ligas ya zo ya ɗinke guntayen.

Duk wanda ya taɓa warware igiya ya san in aka ja bakin zaren biyu da ƙarfi, gaba sai ta murɗe ta ƙulle. Haka DNA ma take yi. A jikin bakteriya, wani enzayim mai suna jayires ne ke yanke igiyar, ya sassauta murɗin, ya sake haɗa ta.

To, a nan ne maganar ta iso kemis ɗin unguwa. Sifro, wato Ciprofloxacin da ake ba mai taifot, jayires ɗin yake kamawa daidai lokacin da ya yanke zaren. Zare ya tsinke ba ɗauri, sai ƙwayar cutar ta mutu.

Amma kwafi ba ya rasa kuskure, ko da harafi ɗaya ne cikin biliyan. In kuskuren ya ɗan sauya siffar jayires, maganin ba ya kama shi da kyau, kuma wannan ƙwayar ce za ta tsira ta hayayyafa. Shan sifro barkatai, yau biyu gobe ɗaya, shi ke share mata fili. Abin takaici ne ganin ana sayen sa a ƙulle cikin leda don kowane zazzaɓi, alhali ba maganin zazzaɓin cizon sauro ba ne.

Jama'a, a je asibiti a yi gwaji tukuna, in likita ya rubuta a sha yadda ya ce har kwanakin su cika. Allah Ya ƙara mana lafiya, a huta lafiya.