WANDA YA YANKE MAKA HARAJI, YA BA KA RASIT

Laccar da Magatakardan jam'iyya ya yi wa 'yan cin rani na ƙasar Sabon Birni da Isa.



Kowa ya san cin rani ba baƙon abu ba ne a Gobir. Kakanninmu su kan tafi bayan kaka, su komo da faɗuwar ruwa. Amma tun da 'yan bindiga suka hana noma a wajen Gatawa da Tsamaye da Bafarawa, tafiyar ta zama ta dole, mai tafiyar dole kuwa ba ya ciniki. Sai ku ga wani ya zo da mota, ya ce shi wakili ne, kamfani na neman masu gadi, ko direbobi, ko leburori a Abuja ko Ikko. Kamfani ya biya wakili, wakili ya biya ku. Ƙarshen wata ya ƙirga maka kuɗi ba su cika ba, ka tambaya, ya ce ai haraji ne na Gwamnati.

To, a kan wannan kalma na ke so mu tsaya.

Da fari dai, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana kowa sana'ar ɗibar ma'aikata sai da lasin daga Ministan Ƙwadago. Ku ce ya nuna. Dokar nan kuma ta ce kada wata uku ya wuce da fara aiki ba a ba ma'aikaci takarda ba, mai sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da yawan lada, da yadda za a rabu. Saboda haka ne wakilai da yawa ba su son kiranku ma'aikata. Su kan ce ku 'yan kwangila ne, watau masu zaman kanku. Kada sunan ya faranta muku rai. Ma'aikaci, in wurin aikin ya kai girman da doka ta faɗa, ubangidansa na zuba masa kashi 10 cikin 100 na fansho bisa dokar 2014, in kuma ya ji rauni a bakin aiki akwai diyya bisa dokar 2010. Ɗan kwangila kuwa, in katanga ta faɗo masa, sai 'yan garinsu su yi karo-karo su maido shi gida. Mutumin da aka sa masa lokacin zuwa da na tashi, aka ba shi riga da kulki, ba ya da ikon aiko ƙanensa a madadinsa, ina kwangila a nan? Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Sakkwato ma, ta kan dubi yadda aikin ya ke gudana, ba sunan da aka laƙa masa kaɗai ba.

Yanzu ga lissafi, ku riƙe shi da kyau. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar 2025, ta kuma fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta ce Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Mai gadin da ke ɗaukar 50,000 a wata ya tashi da 600,000 ke nan a shekara. Ashe Gwamnati ba ta binsa ko kwabo na harajin albashi. In ana zare masa 2,500 kowane wata, a shekara ya yi asarar 30,000. Aljihun wa suka shiga?

Gaskiya ne akwai yankan da doka ta yarda a yi wa ɗan kwangila na ainihi tun kuɗi ba su zo hannunsa ba. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kashi 2 cikin 100 ne a kan kawo kaya da ƙananan ayyuka, kashi 5 a kan la'ada da aikin ƙwararru. Wanda ba shi da lambar haraji a kan ninka masa, don haka kowa ya adana lambarsa ta katin ɗan ƙasa, ita ce yanzu ta ke tsaya wa mutum a matsayin lambar haraji. Amma yankan nan ba sabon haraji ba ne, kafin alƙalami ne, za a ɗebe shi daga abin da a ke binka. Kuma tilas ne wanda ya yanka ya ba ka rasit, ya kai kuɗin ofishin haraji na jihar da ka ke zaune. In kana da rasit, ko da ya cinye kuɗin, shi hukuma za ta bi bashi, ba kai ba. In ba ka da shi, ba ka da shaida ko ɗaya cewa ka taɓa biya.

Dattawan da ke nan sun tuna zamanin En'e. Haraji da jangali sun gallabi talaka, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su da hawansu a 1979. Duk da haka mai unguwa ya kan miƙa maka 'yar takarda, ka cusa a hula, ɗan doka ya tare ka a hanya ka nuna. Yau a ƙasar nan tamu mun san waɗanda ke aza wa ƙauye kuɗi ba takarda, mun kuma san sunan da mu ke kiransu. Ban ce wakili ɗaya ne da su ba, akwai na kirki masu lasin. Amma na kirki ba ya jin haushi don an ce ya rubuta.

Laifin da na ke gani na hukuma shi ne, an yi doka da Turanci an ajiye a Abuja, ba wanda ya zo kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya karanta wa mutane da Hausa. Kafin su zo, ga abin da za ku yi. Kada mutum ya hau motar wakili shi kaɗai ya dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Ku haɗu biyar ko goma, ku sami mai karatu, ku tambayi nawa kamfani ke biya a kan kowane mutum, nawa ne rabon wakili, a rubuta a gabanku, ku ɗauki hotonta da waya ku bar wa na gida. Wanda ya rasa mai karanta masa, ya kawo takardar ofishinmu ran kasuwa, ina nan daga hantsi har la'asar.