A Saurari Kiɗa Tun Bai Shiga Rediyo Ba

Jawabin da aka gabatar gaban matasan makaɗa, ƴan kasuwa da ma'aikatan rediyo a Birnin Ƙonni

 

Akwai wani kiɗa da kowanenmu ke ji kullum, amma ba mai tambayar mai shi: wanda ke buɗe labaru, da wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin sanarwar ɗaurin aure ko tallar siminti. Turawa sun daɗe da mayar da shi sana'a. Kamfanin De Wolfe na birnin Landan, wanda aka kafa a 1909, da shi ya yi suna: a tara kiɗa a rumbu, mai fim ko mai talla ya zaɓa, ya biya.

Mu ma muna da namu. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset da piyanonsa na lantarki a gidan rediyon ƙasa, a Yamai. Shekara da shekaru kiɗansa na cike tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, jama'a suka haddace sautin, da yawa ba su san mai shi ba. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga aikin, sunansa ya zaga duniya.

Yau samarinmu na Ƙonni da Malbaza da Illela suna haɗa irin wannan kiɗa da piyano da kwamfuta, su zuba shi a katin waya, su kai gidan rediyo. To, wa ya saurare shi kafin nan? Abokai, waɗanda amsarsu ɗaya ce: “Ya yi!” Mun iya yabo, mun iya zambo, amma gyaran da ke tsakaninsu ya yi mana wuya. Lokacin zaɓe kuwa abin ya fi muni, domin ɗan takara ƙara yake saye, ba ruwansa da daɗin sauti. Gasar Ɗan Gurmu, da aka fara a 1987, tana da alƙalai, amma alƙali maki yake bayarwa. Ba ya zama da yaro ya nuna masa inda ganga ta danne murya.

Shawarata ita ce majalisar mutum biyar ko shida, sau ɗaya a wata: makaɗa biyu, dattijo guda mai gurumi ko kalangu, ma'aikacin rediyo mai haɗa sauti, da ɗan kasuwa. Kada a sa kiɗan a manyan lasifikoki. A sa shi a ƙaramar rediyo ko a waya, tunda nan mai shago zai ji shi. Sa'annan wani ya karanta sanarwa a kansa, a ce farashin buhun albasa a Galmi. In mai sauraro ya rasa farashin saboda kiɗa, to kiɗan ya faɗi, kome daɗinsa. Wannan kiɗa bara ne, murya ce uwargijiyarsa. A kuma duba ko yana yankuwa a daƙiƙa 30 ba tare da ya gutsure ba, da ko an aro karinsa daga fim ɗin Indiya. Dattijon nan zai gane aro tun kafin a kai tsakiya. Mai kiɗan ya yi shiru har kowa ya gama, kuma duk wanda ya ce bai yi ba, tilas ya faɗi wurin da bai yi ba.

Abu na ƙarshe ya shafi aljihu. A ajiye littafi, a rubuta ranar zama, sunan kiɗa, sunan mai shi, mahalarta su sa hannu. Ran da wani ya sace aikin, ga shaidu. Daga nan mai shi ya yi rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha da aka kafa a 1995. Ku kuma Alhazai, in za ku ba da talla, ku tambayi gidan rediyo sunan mai kiɗan da za a sa muku, da nawa ne rabonsa cikin kuɗin da kuka biya.