Taya Huɗu, Suna Huɗu: Ina Haɗarin Yake?



Galibin motocin da ke kai mu gida lokacin hutu na hannu ne, kuma da wuya a sami wadda tayoyinta huɗu suka fito daga kamfani guda: ga Michelin, ga Dunlop, ga Bridgestone. Shin wannan gamin-gambiza yana da haɗari?

Bambancin suna shi kaɗai ba ya kayar da mota; yadda aka jera tayoyin shi ne abin dubawa. Kowane kamfani da irin haɗin robarsa da zanensa, saboda haka yadda suke kama kwalta ya bambanta. Idan ƙafar dama ta saɓa da ta hagu, direba ya taka birki cikin ruwan sama, sai ɗaya ta kama, ɗaya ta zame, mota ta karkace. Don haka lalle ne ƙafafun gaba biyu su zama iri ɗaya, na baya ma haka. In gaba Dunlop ne, baya Michelin, da sauƙi, muddin lambobinsu sun yi daidai da abin da maƙeran motar suka ƙayyade.

Lambobin nan suna jikin taya. A 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ƙarfen ƙafar kuwa inci 15. Harafin R yana nufin radiyal, ƙirar da Michelin ya yi wa rajista a 1946, kuma ba a jera ta daura da tsohuwar ƙira mai zare a gicciye. Tun shekarar 2000, lambobi huɗu ke nuna lokacin ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wannan ya fi suna muhimmanci, domin roba tana tsufa ko da zanenta bai suɗe ba. Zurfin zanen kuma kada ya gaza milimita 1.6.

Wanda ƙarfinsa bai wuce sababbi biyu ba, ya sa su a baya. In gaba ya zame, direba yana iya gyarawa da sitiyari. In baya ya zame, juyawa motar take yi.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin mu biya kuɗin mota a tasha, mu zagaya mu dubi ƙafafunta, domin rayukanmu ne a kansu. Allah ya kai mu gida lafiya, amin. Wassalam.